Gidan Dantata da Dangote: Yadda Fatauci Ya Koma Masana'anta, da Inda Hanyarsu Ta Ratso Haɗejia

 

Duk wadda take da rumfa a kasuwa a cikinmu ta san sunan Dangote tun kafin ta iya karanta shi. Yana jikin buhun sukari, yana jikin buhun gishiri, da na siminti da na taki, yana kuma jikin tirelolin da suke wuce mu a kan titi suna bar mana ƙura. Idan aka ambaci sunan, abin da yake fara zuwa bakinmu shi ne, ai kuɗi ne. To, kuɗin ba daga sama suka faɗo ba. Gida ne na 'yan kasuwa da ya haura shekara ɗari yana juya dukiya daga hannun kaka zuwa jika, kuma sau biyu sana'ar gidan tana ratso ƙasar Haɗejia: da fari da gyaɗa, yanzu da shinkafa. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin daga tushe.

Tushen yana Bebeji, kudu da Kano. A can aka haifi Alhassan Dantata a shekarar 1877, cikin Agalawa, mutanen da aka sani da fatauci mai nisa, musamman hanyar Gwanja inda ake ɗauko goro. Mahaifinsa Abdullahi bafatake ne, ya rasu Alhassan yana yaro ƙarami. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta. Bayan rasuwar mijin ba ta zauna ba, ta bi ayari ta tafi Ankara ta ƙasar da yanzu ake kira Gana, ta ci gaba da cinikinta a can. Yaran kuwa ta bar su a hannun wata tsohuwa, baiwar gidan, mai suna Tata. Ita ta raine shi, ita ake ganinsa da ita, sai mutane suka riƙa cewa ɗan Tata. Kun ji asalin sunan. Sunan nan da aka rubuta a ƙofar kamfanoni da kan tituna, sunan wata tsohuwa ne da ba ta mallaki ko kanta ba. Lokacin da muka iso wannan wuri a karatunmu na ajin yaƙi da jahilci sai da aji ya yi tsit, domin babu wadda ta taɓa jin haka a cikinmu.

Masu tarihi sun ce yana ɗan shekara 15 ko kusa da haka ya sari 'yan kaya a Bebeji, ya bi ayari yana sayarwa a hanya har ya isa wurin mahaifiyarsa. Ya tarar da ita cikin wadata, amma ba ta shimfiɗa masa tabarma ya kwanta ba. Ta kai shi wurin malami ya zauna yana karatu yana neman na kansa har lokacin komawa. Wata za ta ce wannan ai taurin zuciya ne. Mu da muke da 'ya'ya a gefen rumfa mun san abin da take gudu.

Ya dawo gida ya faɗa cikin yaƙin basasar Kano na tsakanin Tukurawa da Yusufawa, wanda ya fara a 1893. Aka ci Bebeji, aka kama shi da 'yan uwansa, sai da fansa suka kuɓuta. Daga nan ya koma hanyar goro, kuma a nan ne wayonsa ya fara fitowa. Fatake sun saba ɗora goro a kan jakuna su yi watanni a hanya, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito a kowane gari, ga goron yana lalacewa. Shi kuwa sai ya riƙa sa nasa a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Legas, daga can ya yo arewa. Kayan iri ɗaya ne da na kowa, hanyar ce ya sake.

Sai jirgin ƙasa ya zo. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ciniki a 1912, wato shekara shida ke nan bayan Turawa sun ci Haɗejia da yaƙi a 1906. Turawan auduga suka so a noma musu don masaƙunsu na Ingila. Manoma suka duba, suka ga gyaɗa ta fi: ana ci, ana matse mai, ana ƙuli-ƙuli, ba ta gajiyar da ƙasa, idan Bature bai saya ba gida zai saya. Can Turai kuma ana neman manta don yin sabulu da bota. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da jirage, amma ba su san ƙauye ba, ba su san wa za a ba bashi ya dawo da shi ba. Dole sai da 'yan ƙasa. A 1918 kamfanin Niger Company ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa, kuma cikin 'yan shekaru ya wuce duk sauran attajiran Kano.

Yadda ya yi aikin ya kamata mu tsaya a kansa, domin ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yana karɓar kuɗi daga kamfani, ya rarraba wa yaransa, su kuma su rarraba wa nasu yaran, har kuɗin su kai ƙauyen da babu mota. Wani tun kafin kaka an ba shi. Babu takarda mai yawa a tsakani, amana ce da sanin asalin mutum. Wanda ya cika alkawari a ƙara masa jari baɗi, wanda ya ci amana a rufe masa ƙofa, kuma labarinsa ya riga shi zuwa kowace kasuwa. In kun lura, dokar adashinmu ke nan, girma ne kawai ya bambanta. Da bankin Turawa na Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano a 1929, labarin da aka fi bayarwa shi ne raƙuma 20 suka ɗauko masa kuɗin azurfa zuwa bankin. Shi ne kuma ake danganta wa dalar gyaɗa, buhuna da ake jerawa su tashi sama kamar dutse suna jiran jirgin da zai kai su Legas. Dala guda takan ci buhu kusan 15,000.

Nan ne maganar ta iso gida. A 1930 layin dogo ya miƙe daga Kano zuwa Nguru, ya ratsa ƙasar Haɗejia ta Malam Madori da Birniwa. Bai shigo cikin birni ba, shi ya sa Malam Madori ta zama tashar Haɗejia, kantunan Turawa da masu awo suka taru a can, gari ya tashi a kan gyaɗa. Kakanninmu maza sun noma, sun ɗora wa jaki da raƙumi sun kai sikeli. Kakanninmu mata su ne masu ɓara da sheƙa, su ne kuma masu tuyar ƙuli-ƙuli da matsar mai. Duk shekarar da farashin sikeli ya yi kyau, gyaɗar da mai ƙuli za ta saya a kasuwa sai ta yi tsada. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa idan mun zo kan shinkafa.

Alhaji Alhassan ya rasu a ranar 17 ga Agusta, 1955. A ƙasar Hausa galibi a nan labarin attajiri yake ƙarewa. A yi sadakar bakwai, a raba gado, wannan ya ɗauki kanti, wancan ya ɗauki mota, kafin shekara goma sai dai a nuna gidan a ce nan wane ya zauna. Sau nawa muka ga haka a garin nan? Abin da ya raba gidan Dantata da sauran shi ne tun yana raye ya kafa kamfani mai rajista, Alhassan Dantata and Sons, ya sa 'ya'yansa cikin aikin, an kuma ce kafin ya cika ya yi musu wasiyya su haɗa kai kada su bari kamfanin ya watse. An raba gado kamar yadda shari'a ta ce, amma kamfanin ya tsaya. Ahmadu ya riƙe, bayan rasuwarsa a 1960 Aminu ya karɓa, ya shiga gine-gine da kwangila da harkar man fetur, har Allah ya yi masa rasuwa a watan Yunin 2025 aka binne shi a Madina. Sanusi kuwa ya gina nasa reshen a kan gyaɗa da sufuri.

Ita gyaɗar ba ta dawwama ba. Fari ya zo a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, gwamnati kuma hankalinta ya koma kan man fetur. Dala ta ɓace, sikeli ya yi tsatsa, Malam Madori ta yi sanyi. Gidan da ya dogara da gyaɗa kaɗai ya tafi tare da ita.

Reshen da ya fi nisa ta wurin 'ya mace ya fito. Hajiya Mariya 'yar Sanusi Dantata ta auri Muhammadu Dangote, ta haifi Aliko a ranar 10 ga Afrilu, 1957 a Kano. Shi ma maraya ne, mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara takwas, ya tashi a hannun kakansa Sanusi. Ya yi karatu a jami'ar Azhar ta Alƙahira, ya dawo ya fara kasuwanci a 1977 da rancen da kawunsa ya ba shi, ya koma Legas. Kada mu ruɗi kanmu a nan. Mukan ji ana cewa ya fara da sayar da alawa a makaranta, gaskiya ne, amma yaron da ya sayar da alawar jikan Sanusi Dantata ne. Akwai wanda zai ba shi jari, akwai sunan da zai buɗe masa ƙofar banki. Ƙwazonsa nasa ne, tsanin kuwa ya tarar da shi a jingine.

Shekara kusan ashirin abin da ya yi shi ne saye da sayarwa: siminti, shinkafa daga Tailan, sukari daga Birazil, gishiri, fulawa. Ya yi kuɗi ƙwarai, amma har lokacin ɗan kasuwa ne kamar kakansa, yana tsakiya tsakanin mai yi da mai ci. Juyin ya zo ne a ƙarshen shekarun 1990, da ya yanke shawarar ya riƙa yin kayan da kansa. Ya kafa injinan fulawa da taliya, ya buɗe matatar sukari a Apapa ta Legas a 2000, ya sayi kamfanin simintin gwamnati na Gboko a jihar Binuwai, daga baya ya karɓi gonar rake da kamfanin sukari na Numan a Adamawa. A ganinmu wannan shi ne babban abin da ya faru a tarihin gidan tun bayan gyaɗa. Alhassan ya tara albarkatun ƙasa ya tura wa Bature ya sarrafa, riba mai tsoka tana can inda inji yake. Tattaɓa-kunnensa ta wajen uwa ya ce a kawo injin nan.

Siminti shi ya fitar da sunan waje. Najeriya ta daɗe tana sayo shi daga ƙetare, har a 1975 jiragen ruwa ɗauke da siminti suka cushe tashar Legas, ɗaruruwa, suna jira watanni, wani ya daskare a cikin jirgin. Alhali dutsen da ake ƙonawa a yi simintin yana nan jibge a ƙasarmu. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta kafa doka cewa ba za a ba ka izinin shigo da siminti ba sai kana gina masana'antarsa a gida. Dangote ya gina ta Obajana a jihar Kogi, aka buɗe ta a 2007, yau tana iya fitar da sama da tan miliyan 16 a shekara. Ta Ibese a jihar Ogun ta biyo baya a 2012. A 2010 aka sa kamfanin simintin a kasuwar hannun jari, wato wanda ba ɗan gida ba ma zai iya sayen kaso, ko da yake mafi yawa yana hannun mai gidan.

Daga nan sai ƙetare iyaka, kuma da sauri. Afirka ta Kudu a 2014, sannan Senigal, Kamaru, Habasha, Zambiya da Tanzaniya duk a tsakanin 2014 da 2015, Kwango da Saliyo a 2017. A Gana ma akwai tasharsa a Tema, kusa da Ankarar da Amarya ta yi cinikinta. Jimlar abin da masana'antun suke iya yi ta haura tan miliyan 50 a shekara. Dalilin da ya sa ba a zauna a Najeriya ana aikawa ba mai sauƙi ne ga duk wadda ta taɓa biyan kuɗin mota: siminti nauyi gare shi, idan tafiya ta yi nisa kuɗin dako ya cinye riba. Gara a kai injin inda dutse yake da inda masu gini suke. A 2022 aka buɗe masana'antar takin yuriya a Lekki mai yin tan miliyan 3 a shekara, ana kai shi har Birazil da Amurka. A watan Mayun 2023 aka ƙaddamar da matatar mai a gefenta, mai tace ganga 650,000 a rana, fetur ya fara fitowa a Satumbar 2024.

Ba kowa ne yake tafa wa wannan girma ba, kuma bai kamata mu ɓoye ba. Masu suka suna cewa gwamnatoci sun share masa hanya da hana shigo da kaya da rangwamen haraji, kuma idan mutum ɗaya ya riƙe fiye da rabin kasuwar siminti, mai saye ba shi da inda zai juya. Masu kare shi suna cewa wasu ma an ba su damar nan ba su gina komai ba. Mu dai abin da muka sani daga rumfa shi ne, ranar da mai kaya ya zama shi kaɗai a layi, ba a taya masa. Sannan ba duk abin da ya taɓa ne ya yi albarka ba. Masaƙa ta gagara. Kamfanin fulawa an sayar wa 'yan Afirka ta Kudu a 2012, aka sake karɓo shi, aka kuma sayar wa Olam a 2019.

Wanda ya fi ba mu abin tunani shi ne kamfanin tumatir na Kadawa a jihar Kano, wanda yake shan ruwan Tiga, ruwan da yake gangarowa har kogin Haɗejia. An buɗe shi a 2016, an gina shi don ya niƙa tan 1,200 kullum. Ba a jima ba tsutsar tumatir ta cinye gonaki, aka rufe. Da aka sake buɗewa kuma sai aka riƙa fama da ƙarancin kaya, domin duk lokacin da kwando ya yi daraja a kasuwa manomi can yake kai nasa. Inji na biliyoyin naira ya tsaya yana jiran mai garma. Mun daɗe muna ɗauka mu ne kullum muke bukatar babban kamfani. Kadawa ta nuna shi ma yana bukatar abin da yake hannun ƙaramin mutum.

To, ga shinkafa. A 2014 Dangote ya sa hannu da gwamnatin tarayya kan zuba dala biliyan 1 a noman shinkafa da casarta. A watan Fabrairun 2016, a nan Haɗejia aka ƙaddamar da shirinsa na manoma: a ba su iri da taki da magani, da kaka kamfani ya saye shanshera a cire bashin. A 2018, zamanin Gwamna Badaru, aka aza harsashin babban injin casa a Haɗin ta ƙaramar hukumar Kaugama. Ba abin mamaki ba ne da aka zaɓi nan. Ga fadama, ga noman rani, ga aikin ban ruwa na kwarin Haɗejia a Auyo da aka buɗe a farkon 2023. Mutumin da ya yi kuɗinsa na farko da shinkafar Tailan ya zo neman ta fadamarmu. Tsarin kuma idan kun duba da kyau na kakansa ne a kan gyaɗa: a ba da jari kafin shuka, a karɓi amfani da kaka. Sai dai yanzu injin yana kusa, ba a Ingila ba.

Ga mazanmu manoma akwai alheri a ciki, domin mai saye tabbatacce ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yake fama da ambaliya da kachala da tsuntsaye. Ga mu mata maganar ta fi haka sarƙaƙiya. Da yawa a cikinmu abincinmu yana tsakanin gona da tukunya: mu sayi shanshera, mu jiƙa, mu turara, mu shanya, mu kai inji, mu sheƙe, mu auna a kwano. Aikin nan da muke yi da tukunya da itace da tabarma, shi ne babban inji yake yi cikin sa'a guda, kowane babban inji, ba na Dangote kaɗai ba. Tasa tana fitowa tas babu tsakuwa, a buhu mai suna. Kuma idan manyan masu saye suka sauka a kasuwa da kaka, buhun shanshera yana tashi ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari, kamar yadda gyaɗa ta riƙa fin ƙarfin kakanninmu masu ƙuli. Mun gani da idonmu lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020: shinkafar gida ta yi daraja, amma wadda ta fi cin ribar ita ce wadda take da kaya a ajiye tun da wuri.

Muna da abin da babban inji ba shi da shi. Mun san mai sayen rabin kwano, mun san wadda za a ba bashi zuwa ranar kasuwa, mun san irin da ya fi kyau da tuwo da wanda ya fi kyau da dafa-duka. Abin da muka rasa biyu ne, kuma duka biyun suna cikin tarihin nan: jari a dunƙule a lokacin da kaya suke araha, da inji namu na kanmu. Mace ɗaya ba za ta sayi injin cire tsakuwa ba, ba za ta kama sito ta cika shi da kaka ba. Mata da yawa masu littafi ɗaya za su iya.

Sai abu na uku, wanda ba ma son magana a kansa: wa zai riƙe bayan ranmu? A gidan Dangote ana cikin wannan mataki yanzu. Ƙaninsa Sani, wanda yake mataimakinsa, ya rasu a Nuwambar 2021. A 2025 shi Alikon ya sauka daga kujerar shugaban hukumar kamfanin sukari da ta siminti, aka ɗora waɗanda ba 'yan gidan ba. 'Ya'yansa mata uku, Mariya da Halima da Fatima, su ne suke riƙe da manyan muƙamai a cikin kamfanonin, bayan sun yi shekaru suna aiki a ciki. Mu a nan yawancin jarinmu a ƙulle yake a gefen zani, lissafinsa a ka, masu bashinmu mu kaɗai muka san su. Shi ya sa a taron da ke tafe, ban da maganar injin tsakuwa da hayar sito kafin kaka, akwai batun kowace mamba ta rubuta sunan wadda za ta gaji kasonta a littafin ƙungiya. Wadda hannunta bai faɗa da rubutu ba tukuna ta zo da 'yarta ko ta nemi ɗaya daga cikin 'yan ajinmu, za a zauna da ita a cike mata.